Daga Askar Wanzami Zuwa Ɗakin Tiyata: Tarihin Aikin Haihuwa Da Maganin Zafin Naƙuda

Gabatarwa

  

Bisa al'ada, shafin tarihi a mujallu irin wannan ya fi karkata ga labarin sarauta da yaƙe-yaƙe da kafuwar unguwanni. A bana mun ga ya dace mu waiwayi wani tarihin na daban, wanda babu gidan da bai shafa ba, wato tarihin tiyatar haihuwa da magungunan da ake kashe zafi da su. Kowa ya san yadda gida kan rikice a ranar da aka ce za a yi wa mai naƙuda aiki. Uwa ta fashe da kuka, miji ya tsaya jan ƙafa wajen sa hannu, wani dattijo ya ce a mai da ita gida a ƙara gwada na gargajiya. Wannan tsoro yana da tushe a tarihi, domin an yi zamanin da fiɗar mai ciki kusan daidai take da hukuncin kisa. To, amma an gano abubuwan da suka sa ta zama haka, an kuma magance su ɗaya bayan ɗaya. Abu guda ya rage wanda har yau yake cin rayukan matanmu, shi ne jinkiri, maganinsa kuwa yana cikin gidajenmu. Waiwaye, in ji masu iya magana, adon tafiya ne.

Haihuwa A Ɗakin Gargajiya

A ƙasar Hausa, mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta idan watan haihuwa ya gabato. In naƙuda ta taso, a durƙushe take haihuwa, shi ya sa ake cewa wance tana kan gwiwa. Sau da yawa ita kaɗai take a ɗaki, sai an ji kukan jariri sannan a kira ungozoma ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke yaro, ta kuma soma yi wa mai jego wankan ruwan zafi da za a yi ta yi har kwana arba'in, ana haɗa mata da kunun kanwa.

Babban maganin zafin naƙuda a wannan tsari shi ne dauriya. Tun tana ƙarama ake koya wa 'ya mace cewa raki a kan gwiwa abin gori ne, kuma kunyar ɗan fari takan hana ta faɗin cewa ciwo ya fara. Idan abu ya yi tsanani, sai a nemo rubutu da tofi da jiƙe-jiƙe. Idan naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai a ce gishiri ne ya tare hanya, a kira wanzami ko wata tsohuwa a tsaga gaban mace da aska. Wannan ita ce tiyatar haihuwa da kakanninmu suka sani, kuma da nufin ceto suka yi ta. Sai dai a mafi yawan lokuta abin da ya tare hanya ƙashin ƙugu ne da ya yi wa kan yaro kaɗan, ko kuwa yaron ne ya kwanta a gicciye. Aska tana yanka tsoka, ba ta faɗaɗa ƙashi. Ba a banza ba ake cewa mai ciki ƙafarta ɗaya tana duniya, ɗaya tana lahira. Haka kuwa lamarin yake a sauran ƙasashen duniya na tsawon dubban shekaru.

Zamanin Da Wuƙa Ta Riga Magani

Tsaga ciki don ciro yaro tsohon abu ne, amma da farko gawa ake yi wa. Tsohuwar dokar Rumawa ta hana binne matar da ta mutu da ciki sai an fitar da abin da ke cikinta. Turawa sun laƙaba wa aikin sunan Kaisar, bisa zaton ta haka aka haifi Yuliyas Kaisar, amma masana tarihi sun yi watsi da wannan zato, domin mahaifiyarsa ta rayu har ta ga girmansa, alhali a wancan zamani da wuya mace ta tashi bayan irin wannan yanka. Malaman fiƙihu ma sun tattauna hukuncin matar da ta rasu yaro yana motsi a cikinta, inda Hanafiyya da Shafi'iyya suka tafi a kan a tsaga a ciro shi muddin ana sa ran zai rayu.

A ƙasar Andalus, babban likitan nan na Kurɗuba, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu a wajejen 1013, ya rubuta littafinsa At-Tasrif mai juzu'i 30. A juzu'in ƙarshe ya zana kayan tiyata kusan 200, har da na fitar da ɗan da ya mutu a ciki, ya kuma yi wa ungozomomi bayanin yadda za su yi idan yaro ya zo ba daidai ba. A Ingila kuwa, a ƙarni na 17, wani gidan likitoci da ake kira Chamberlen ya ƙera ƙarfe mai kama da cokula biyu, wanda ake riƙo kan yaro da shi a jawo shi da rai. Saboda son abin duniya, suka ɓoye sirrin a cikin zuriyarsu fiye da shekara ɗari.

Duk da wannan, idan ƙugu ya tsuke sosai, zaɓi biyu ne ya rage wa likitan da: ko ya fasa kan yaro don ya ceci uwa, ko ya tsaga uwa yana sane da wuya ta tashi. Har tsakiyar ƙarni na 19, mafi yawan matan da aka yi wa wannan aiki a manyan asibitocin Turai mutuwa suke yi. Zafin yanka yakan sa a yi aikin a gaggauce ana danne mace, jini yakan ƙi tsayawa, wadda ta tsallake waɗannan kuma ciwon ya ruɓe zazzaɓi ya ɗauke ta.

Abin Da Wani Bature Ya Gani A Yuganda

A daidai wannan zamani ne, a shekarar 1879, wani Bature ɗalibin likitanci mai suna Robert Felkin ya ga abin da ya ba shi mamaki a garin Kahura na masarautar Bunyoro, cikin ƙasar Yuganda ta yau. Wata yarinya mai kimanin shekara 20 ta kasa haihuwar fari. Likitan gargajiya ya shayar da ita giyar ayaba har ta ɗan bugu, ya wanke hannuwansa da cikinta da giyar, sannan ya tsaga cikin ya ciro yaro. Mataimakinsa yana tsai da jini da jan ƙarfe, shi kuma yana matsa mahaifa har ta tsuke. Daga nan ya haɗa bakin yankan da siraran ƙarafa bakwai, ya ɗaure su da zare, ya shafa magani. Da Felkin zai bar garin a kwana na goma sha ɗaya, uwa da ɗa suna cikin ƙoshin lafiya. Ya buga wannan labari a mujallar likitoci ta birnin Edinbara a 1884, yana mai nuna cewa ƙwarewar da ya gani alama ce ta an daɗe ana aikin a wurin. Saboda haka kuskure ne a ɗauka tiyatar haihuwa baƙuwa ce ga baƙar fata. Mutanen Bunyoro sun lura da kashe zafi, da tsabta, da tsai da jini, matsalolin da Turai ke fama da su a lokacin.

Yadda Aka Shawo Kan Zafi

A ranar 16 ga Oktoba, 1846, a wani babban asibiti na birnin Boston a Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa majiyyaci sinadarin eta, aka yi masa aiki a wuya yana barci. Labari ya ƙetare teku cikin 'yan makonni. A ranar 19 ga Janairu, 1847, Farfesa James Young Simpson na Edinbara ya gwada sinadarin a kan mai naƙuda da ƙugunta ya tsuke. Da yake eta yana da wari kuma yana sa tari, Simpson ya ci gaba da neman wanda ya fi shi. A daren 4 ga Nuwamba na wannan shekara, shi da abokan aikinsa biyu suka shaƙi kulorofom a gidansa, ba su farka ba sai a ƙarƙashin tebur. Cikin 'yan kwanaki ya fara ba mata masu haihuwa.

Ba kowa ya yi na'am ba. Wani sanannen likita a Amurka, Charles Meigs, ya dage a kan cewa zafin naƙuda abu ne na ɗabi'a mai amfani, bai kamata a taɓa shi ba. Simpson kansa sai da ya rubuta ƙasida don amsa wa masu ganin kashe zafin haihuwa ya saɓa wa addininsu. Akwai kuma tsoro na gaskiya, domin tun a 1848 aka fara samun wanda kulorofom ya tsai da zuciyarsa. Abin da ya karya lagon masu suka ya faru ne a ranar 7 ga Afrilu, 1853, lokacin da Dakta John Snow ya ɗiga kulorofom a hankici ya shaƙa wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila, ta haifi ɗanta na takwas, Yarima Leopold. A 1857 aka sake ba ta a haihuwarta ta tara. Da sarauniya ta karɓa, sai matan ƙasa suka daina ganin abin a matsayin kasawa.

A nan akwai abin lura gare mu. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratu Maryam, ya ba da labarin yadda zafin naƙuda ya kai Nana Maryamu ga kututturen dabino har ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana. Idan wannan zaɓaɓɓiyar baiwar Allah ta bayyana zafin da take ji, da wane dalili za mu goranta wa 'yar shekara goma sha bakwai don ta ce a kai ta asibiti?

Tsabta, Ɗinki Da Jini

Barci ya ba likita damar yin aiki a natse, amma bai hana ciwo ruɓewa ba. A babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani matashin likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa masu jego sun fi mutuwa a sashen da ɗaliban likitanci ke aiki, fiye da sashen ungozomomi. Ya gano cewa ɗaliban daga ɗakin fiɗar gawa suke fitowa su duba masu naƙuda. A watan Mayun 1847 ya tilasta wa kowa wanke hannu da ruwan kulorin. Mace-macen da suka kai kimanin 18 cikin 100 a watan Afrilu suka sauko zuwa kimanin 2 cikin 100 a watan Yuni. Manyan likitoci suka ji haushin a ce hannunsu ne ke kashe mata, suka ƙi maganarsa, ya mutu a 1865 bai ga nasararsa ba. Sai bayan da Louis Pasteur na Faransa ya bayyana aikin ƙwayoyin cuta, Joseph Lister na birnin Gilasgo kuma ya nuna a 1867 yadda ake tsabtace rauni da kayan aiki, sannan duniya ta gaskata. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta sun biyo baya, na farko a 1935, sai fenisilin a shekarun 1940, zazzaɓin jego ya ragu ƙwarai.

Saura jini. Abin mamaki, likitocin da ba sa ɗinke mahaifa bayan sun tsaga ta, suna tsoron zaren da ya rage a ciki zai jawo ruɓa. A 1876 Eduardo Porro na ƙasar Italiya ya ɓullo da cire mahaifar ɗungurungum bayan ciro yaro. Mata sun fara rayuwa, amma haihuwa ta ƙare musu. A 1882 Max Sänger na Jamus ya nuna cewa ɗinke mahaifa da kyau shi ne mafita. A 1926 kuma John Munro Kerr ya yaɗa yanka mahaifa a gicciye ta can ƙasa, inda ba ta da kauri, jini bai cika zuba ba, tabon kuma ya fi jure wani cikin. Wannan shi ne yankan da aka fi yi a yau, kuma shi ya sa matar da aka yi wa aiki sau ɗaya tana iya haihuwa da kanta daga baya, da sharaɗin a asibiti, a gaban likita.

Game da ƙarin jini, wani likitan mata a Landan, James Blundell, ya fara gwada shi a farkon ƙarni na 19, amma wasu su tashi wasu su mutu ba a san dalili ba, sai da Karl Landsteiner ya gano a 1901 cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne. A 1953 aka iya haɗa sinadarin da ke sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa, wanda ake yi wa mai jego allurarsa. Wannan fage har yau a buɗe yake, kuma akwai hannun 'yar ƙasarmu a ciki. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, tana cikin jagororin binciken da aka buga a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Binciken ya nuna cewa auna jinin da mai jego ke zubarwa da wata ledar awo, tare da ba ta magunguna a haɗe ba da ɓata lokaci ba, yana rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100.

Allurar Baya

Maganin barci yana da nasa haɗarin ga mai ciki. A 1946 Dakta Curtis Mendelson na birnin Niyok ya bayyana yadda abin da ke cikin tumbin mai naƙuda kan dawo ya shiga huhunta idan an sa ta barci. Wannan ne dalilin hana cin abinci kafin aiki, kuma shi ya ƙara jawo hankali ga wata hanyar da aka gano tun da farko. A 1898 August Bier na Jamus ya zuba maganin kashe zafi a cikin ruwan da ke kewaye da lakar baya, rabin jiki na ƙasa ya mutu na ɗan lokaci, majiyyaci kuwa yana farke. Bier ya sa an gwada allurar a jikinsa, shi ma ya yi wa mataimakinsa. A 1900 Oskar Kreis ya yi wa masu naƙuda ita a ƙasar Suwizalan. A 1921 wani likitan soja ɗan Sifen, Fidel Pagés, ya bayyana wata hanyar da ake zuba maganin a wajen rufin laka, wadda daga baya aka riƙa sa siririyar roba ana ƙara magani har naƙuda ta ƙare.

Allurar baya ita ce aka fi amfani da ita a tiyatar haihuwa a yau. Ana soka siririyar allura ne tsakanin ƙasusuwan kwankwaso, ƙasa da inda laka ta tsaya. Daga ƙirji zuwa ƙafa jiki ya mutu na awa biyu ko uku, uwa tana farke, ta ji kukan ɗanta da kunnenta. Wasu kan yi ciwon kai na 'yan kwanaki, wanda yake da magani. Raɗe-raɗin da ake yi a zaure cewa allurar tana nakasa mace ba su dace da abin da aka gani a cikin miliyoyin matan da aka yi wa ita ba, domin irin wannan lahani abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai.

Yoyon Fitsari

Idan aka bar mace kwana biyu ko uku tana naƙuda, kan yaro yakan danne mafitsara a jikin ƙashin mara har jini ya daina zuwa wurin. Naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, ƙofa ta buɗe, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Galibi yaron ma ba ya zuwa da rai.

Tarihin gyaran wannan lalura yana da ɗaci. Tsakanin 1845 da 1849, Dakta Marion Sims na jihar Alabama a Amurka ya koyi ɗinkin ne a jikin bayi mata baƙar fata, ba tare da maganin kashe zafi ba. Ɗaya daga cikinsu, Anarcha, sau wajen 30 ya yi mata aiki kafin ya dace da zaren azurfa, irin wanda Sänger ya yi amfani da shi daga baya wajen ɗinke mahaifa. A 2018 hukumomin birnin Niyok suka cire mutum-mutuminsa daga babban lambun birnin saboda wannan tarihi. A Habasha, Reginald da Catherine Hamlin, waɗanda suka isa ƙasar a 1959, sun buɗe asibitin masu yoyon fitsari a Adis Ababa a 1974.

A nan gida, Dakta Tahzib ya buga nazari a 1983 kan mata 1,443 da aka duba a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Kusan kashi 84 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu yoyon, kashi 13 kuma yankan gishiri. A wannan shekara ne Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya zo Babbar Ruga a Katsina don aikin kuturta. Ganin yawan masu yoyo ya sa ya duƙufa a kan gyaransu, ya yi wa dubban mata aiki a Katsina da Kano da wasu garuruwa, ya kuma horar da likitoci masu yawa. Babbar Ruga ta zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki, haka nan Ningi a jihar Bauchi. A Jamhuriyar Nijar an buɗe cibiyar Danja kusa da Maraɗi a 2012. Waɗannan cibiyoyi abin godiya ne, sai dai yawancin matan da ke kwance a cikinsu, da an yi musu tiyatar awa ɗaya a kan lokaci, da ba su san hanyar wurin ba.

Darasin Zariya

A 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya buga sakamakon bincikensa kan haihuwa 22,774 da aka yi a asibitocin Zariya daga 1976 zuwa 1979. Ya gano cewa a asibiti ɗaya, a hannun likitoci ɗaya, mutuwar matan da aka kawo a gaggauce ba su taɓa zuwa awo ba ta ninka ta masu zuwa awo sau da yawa. Ya kuma ga cewa matan da suka yi makaranta sun fi tsira. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 22, aka buga a 2019, ya nuna cewa kimanin mace 5 cikin 1,000 ke mutuwa bayan tiyatar haihuwa, wato kusan ninki 50 na ƙasashe masu arziki, kuma kashi uku cikin huɗu na ayyukan na gaggawa ne.

Ga yadda tsoro ke ciyar da kansa. A ƙi kai mace asibiti don gudun wuƙa, sai ta galabaita, jini ya ƙare, mahaifa ta fashe, sannan a ɗora ta a mota. Idan rai ya yi halinsa, sai labari ya zagaye gari cewa aiki ne ya kashe ta. Gobe maƙwabta su ƙara jinkirtawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne ake yi a asibiti, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 16. Bisa wannan bincike, kashi 3 kacal aka yi wa tiyata a ƙasar, alhali tun 1985 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ambaci kashi 10 zuwa 15 a matsayin ma'auni. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2023 mata kusan 75,000 suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

A 1994 wasu masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kasa jinkirin da ke kashe masu naƙuda gida uku: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun haƙƙi ne a wuyan hukuma. Gwamnatin Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta a 2005, gwamnatin tarayyar Najeriya ma ta sanar da irin haka ga mata marasa galihu a watan Nuwamban 2024. Aikin ƙungiya irin tamu ne ta bi diddigi, ta tambayi wakilanmu ko asibitin da ya fi kusa da mu yana da likita da daddare, da mai ba da allurar kashe zafi, da wuta, da ma'ajiyar jini.

Na farko da na biyu kuwa namu ne. Ya kamata kowane magidanci ya bar izini a gida tun cikin yana ƙarami, cewa in naƙuda ta zo ba ya nan a tafi asibiti kada a jira shi. Iyaye mata da surukai su sani cewa naƙudar da ta ɗauki daga asuba zuwa magariba ba a sauka ba ta wuce aikin ɗaki, haka nan zubar jini, da jijjiga, da fitowar hannu ko cibiya kafin kai. Wadda aka taɓa yi wa aiki kada ta kuskura ta yi naƙuda a gida. A bar yankan gishiri kwata-kwata. A wasu jihohin Arewa an yi tsari da ƙungiyar direbobi, inda ake da masu mota da suka ɗauki alkawarin kai mai naƙuda asibiti ko da tsakar dare, kuma babu abin da zai hana mu zama da shugabannin tasharmu a kan haka. Matasanmu su auna rukunin jininsu a rubuta sunayen masu niyyar bayarwa. A ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin mai da magani. Uwa uba, mu tura 'ya'yanmu mata makarantun ungozoma da jinya da likitanci, tunda dai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma mazan da ke ƙyamar likita namiji ya duba iyalinsu ba su da wata mafita sai wannan.

Kammalawa

Malamanmu sun karantar da mu cewa matar da ta rasu wajen haihuwa tana cikin masu samun ladan shahada. Sun kuma karantar da mu cewa neman magani umurni ne, iyali kuwa amana ne da za a tambayi mai gida a kansu. Ladan da take samu bai sauke nauyin da ke kan wanda ya hana a kai ta ba. Tsakanin 1846 da tsakiyar ƙarni na 20, Allah ya buɗe wa 'yan Adam ilmin kashe zafi, da tsabtace rauni, da ɗinke mahaifa, da ƙarin jini, bayan rayuka masu yawa sun salwanta. Kakanninmu ba su riski wannan ilmi ba, uzurinsu a fili yake. Mu kuwa ya riske mu har ƙofar gida. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, ranar naƙuda ma bai kamata kunya ko tsoro su sa a ɓoye mace a ɗaki ba.

Allah ya jiƙan iyayenmu da 'yan uwanmu mata da suka rasu a kan gwiwa, ya ba masu fama da lalura lafiya, ya sauki masu juna biyu lafiya, ya kuma ƙara haɗa kan wannan ƙungiya tamu a kan alheri. Amin.